Ƙwan Kwaɗo da Kunnen Rahina

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da ya san abin da harshe ya furta da abin da ya maƙale a bayan haƙora.

Mubarak, wannan babin naka ne kai da ƙanwarka. Labaran yawona ka ji su har ka ƙoshi: yadda na yi karen mota daga tashar Res Kos zuwa Wagadugu, yadda na sayar wa wani ɗan sanda agogon da ba ya tafiya a Abijan, yadda sanyin Turai ya kusa tsinke mini hanci. Wasu ka ji su sau goma, kuma kowane zuwa sai an ƙara gishiri, kai ma ka sani, kunyata kawai kake ji. Amma akwai shekara guda da kullum nake tsallakewa, kamar yadda ake tsallake kwata a unguwar Asawase in an yi ruwa. Yau zan taka ta da ƙafata biyu. Kun tashi ana gaya muku cewa kurumtar Rahina daga dangin uwarku ta fito. Ni na bari aka yarda da haka, kuma na san ba haka ba ne.

Gidanmu na unguwar Zango, ka sani, gidan malamai ne tun kakan kakana. Da kunne muke ci. Mahaifina, Malam Babba, yana zaune a zaure yara arba'in na karatu a lokaci guda, sai ka ji ya ce, "Kai na bayan ginshiƙi, maimaita, ka haɗiye harafi." Ni ne baƙar tunkiyar gidan, kaina bai riƙe karatu ba, ƙafata ba ta riƙe wuri ba. A tashar Res Kos na haɗu da uwarku Memuna, 'yar ƙabilar Dagomba ta arewa, tana sayar da shinkafa da wake a bayan lorin da ke zuwa garin Bolga. Na ci abincinta wata uku kafin in iya gaishe ta ba tare da yajin shito ya shaƙe ni ba. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta. Yayata Abiba, wadda ita ke riƙe da cikin gida tun rasuwar innarmu, takan ce an kawo mana amaryar da za ta mai da mu duka maza. Uwarku sai ta yi dariya ta ƙara mata nama. Haka aka zauna lafiya har aka haife ka, har aka haifi Rahina.

A gidanmu Malam da kansa yake wa jariri huɗuba, kuma muryarsa ba ta san rada ba. Duk jaririn da aka yi wa kiran salla a kunne sai ya zabura ya tsala ihu, mata su ce, "Ya ji Malam." Kai har fitsari ka yi masa a riga. Rahina kuwa ko gira ba ta motsa ba. Aka ce mai haƙuri ce. Da ta kai wata tara, uwarku ta same ni ina wanke ƙafa a bakin rariya.

"Maigida, yarinyan nan ba ya ji."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. Ina kiransa daga baya, ba ya juyo. Sai ya ga fuskana."

Magana ta kai kunnen Yaya Abiba, ta ce a gidan nan akwai yadda ake gwada yaro. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka zaunar da Rahina, aka mirgino babban turmin fufu aka ajiye dab da bayanta. Yaya ta ɗaga taɓarya ta kirɓa sau ɗaya, dum! Rahina ta waiwayo da sauri, tana dariya.

"Kun gani? Kunnenta garau. Miskilanci ne irin na ubanta."

"Yaya, ƙasa ne ya girgiza. A gindinsa ya ji."

"Ke Memuna, na raini yara tara a gidan nan. Ke za ki koya mini?"

Uwarku ce da gaskiya, amma turmi ya riga ya yi shaida. Shi ya sa da Rahina ta shekara biyu ba ta ce ko "baba" ba, gidan bai ce an haife ta haka ba. Cewa aka yi da tana ji, ai kowa ya gani ranar turmi, uwar ce ta dinga goya ta zuwa tasha har ham ɗin lori ya fasa mata kunne. Sai kuma wata ta tuno cewa Memuna ta taɓa faɗa, cikin hira, tana da kawu kurma a ƙauyensu. Daga nan magana ta samu ƙafa biyu.

A lokacin na daina yawo, ina aiki a wani ɗakin gwaji a jami'ar da ke gefen unguwar Ayigya. Wankin kwalabe aka ɗauke ni. Shugabar wurin wata Batoniya ce, 'yar asalin garin nan, gajeriya mai faɗa, Madam muke ce mata, ita kuma tana ce mini Kramo, yadda Tonawa ke kiran Musulmi. Wata rana ta ga ina rubuta lamba a jikin kwalba, ta kama hannuna ta juya shi, ta ce wannan hannun ba ya rawa, ina na samo shi? Na ce shekara goma na yi ina rubutu a allo da alƙalamin kara, bulala na jirana. Gidan malamai bai ba ni kai ba, amma ya ba ni hannu. Daga ranar ta koya mini yi wa ƙwan kwaɗo allura. Nan Zango ya samo mini sunan da har yau bai sake ni ba: likitan kwaɗi.

Bari in gaya maka aikin yadda ta gaya mini, don in ba ka gane shi ba, ba za ka gane girman laifina ba. Jikin mutum, in ji Madam, zango ne. Ɗakuna ne birjik waɗanda ido ba ya gani, kowanne da bangonsa na maiƙo. A bangon akwai ƙofofi. Yawancinsu tsukakku ne, gishiri iri ɗaya tak suke bari ya wuce, shi ma da kyar. Amma akwai manya masu faɗin baki, waɗanda sukari ke bi, da guzurin ƙarfin da ɗaki ke rayuwa da shi, da 'yan saƙonni. Wadda muke aiki a kanta sunanta koneksin. Gutsure shida ne ke haɗuwa su yi zobe a bango. Ɗakin maƙwabci shi ma ya kawo nasa zoben, su haɗe baki da baki, sai ga lungu tsakanin gida biyu, irin ƙofar nan da ke tsakaninmu da gidan su Hajiya Lamisi, wadda ake miƙa gishiri da garwashi da gulma. Can cikin kunne, a wani wuri mai kamar dodon koɗi, ɗakunan duk da irin wannan lungun suke ciyar da juna. In ƙofofin ba su yi aiki ba, wurin ba ya tashi, ƙara ta zo ta koma ba wanda ya amsa.

Mu ba mu da abin ganin ƙofar da ido, sai dabara. Ƙwan kwaɗo babban ɗaki ne, bai kai ƙwayar gero ba amma ana iya riƙe shi. Nakan cika allurar gilashi wadda ta fi gashi siriri da umarnin gina ƙofar, irin wanda ke rubuce a jikin mutum, in soka a ƙwai ɗaya bayan ɗaya, bayan mun hana ƙwan gina irin tasa ƙofar don kada ta ruɗe mu. Kwana biyu, ƙwai ya gina ƙofar mutum a bangonsa, ba ruwansa da wa ya aiko. Sai mu sa shi cikin ruwan rini. Muddin akwai wani gishiri mai suna kalsiyom da yawa a ruwan, ƙofa na rufe. Mu rage kalsiyom, ta buɗe, rini ya shiga, ka leƙa ta madubi ka ga ƙwai na haske kamar an kunna fitila a ɗaki. Muna da rini ƙanana da manya, mu yi ta gwadawa har mu samu wanda ya ƙi wucewa, ta haka ake sanin faɗin ƙofa, kamar mai gwada ko katifa za ta shiga ɗakin amarya. Wani lokaci mu ɗiga maganin da ke toshe ta, har da wani ɗan'uwan maganin zazzaɓin sauro, in haske ya tsaya mun tabbata ta nan rinin ke bi. Kuma akwai layin ƙwai na biyu, waɗanda nake yi wa allurar umarnin da harafi ɗaya ya goce a cikinsa, irin wanda ake samu a jikin wasu kurame a ƙasar nan. Waɗannan ko me ka yi musu, duhu. Wata takwas na yi ina rubuta "duhu, duhu, duhu" a littafi, in koma gida in ɗauki Rahina in yi mata wasa, ban taɓa haɗa biyun ba. Ka ga irin kan da Malam ya yi ta fama da shi.

Uwarku kan kawo mana abincin rana, don Madam ta kamu da shinkafarta. Ran nan ta shigo da Rahina a goye, wani ɗalibi ya saki tiren ƙarfe cike da almakashi a kan tebur. Kowa ya zabura, har Madam ta ambaci sunan Yesu. Rahina tana wasa da ɗankunnen uwarta, ko ƙiftawa. Madam ta dube ta, ta dube ni.

"Kramo, tun yaushe?"

"Sun ce ham ɗin lori ne, Madam."

"Su wa suka ce? Kai kuma me ƙwanka suka ce?"

Ta nemi yardarmu, aka ɗebi jinin mu uku aka aika waje. Da amsa ta dawo ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce kowane mutum kwafi biyu yake ɗauke da shi na umarnin nan, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kamar littafin da aka kwafa da hannu sau biyu. In ɗaya ya goce, jiki sai ya karanta mai kyaun, mutum ya ji garau har ya mutu bai san yana ɗauke da komai ba. Sai duka biyun sun goce ake samun kurma. Memuna na da ɗaya mai kyau ɗaya gotacce. Ni ma haka. Rahina ta ɗauko gotaccen nan da gotaccen can. Ba lori, ba ham, ba laifin kowa. Ta miƙo mini takardar ta ce, "Je ka faɗa musu su bar matarka ta huta."

Wallahi da niyyar faɗa na fito. A turoturo, motar haya, har ina shirya yadda zan tsokani Yaya Abiba da turminta. Amma ɗan gidan malamai ba ya kai magana tsakar gida kafin ya kai ta zaure. Bayan la'asar na samu Malam shi kaɗai a ɗakin littattafansa, na durƙusa na yi masa bayani da misalin kwafi biyu, wanda na san zai gane fiye da kowa. Carbi na hannunsa, amma ba ya ja.

"Ka tuna Baba Shiru?"

Na tuna shi mana. Ƙanin Malam ne, ya rasu ina yaro. Kullum yana bakin zaure yana ɗinka gafakar littafi, ba ya magana da kowa. An gaya mana waliyyi ne, ya yi alkawari da Ubangijinsa ba zai ƙara maganar duniya ba. Mutane har tsaraba suke kawo masa ya shafa musu kai.

"Tun da innarmu ta haife shi bai taɓa jin kiran salla ba," in ji Malam. "Mahaifinmu ne ya rufa masa wannan rigar. Ni na san inda abin ya fito tun ranar da na yi wa yarinyar nan huɗuba."

"To Baba, sai a faɗa. Ana cin naman Memuna a gidan nan."

"Ƙannenka mata biyu an kawo goronsu. In Zango ya ji jininmu na haifar kurame, goron nan zai koma inda ya fito. Kuma wa zai kawo ɗansa koyon tilawa a gidan da ake wa wannan kallo? Ban ce ka yi ƙarya ba, Awudu. Ɗan gidan nan ba ya ƙarya. Abin da aka tambaye ka, ka amsa, ka tsaya."

Kada ka tsani kakanka. Tsoro ne ya yi magana da bakinsa, kuma bai ɗaure mini harshe da igiya ba. Na fito tsakar gida, mata na zaune, uwarku na tsintar tsakuwa a wake. Yaya Abiba ta hango takarda a aljihuna.

"To likitan kwaɗi, amsa ta zo? An ga abin a jinin Memuna ko ba a gani ba?"

"An gani."

"Ai na faɗa!"

Uwarku ta ɗago kai ta dube ni. Ba fushi a idonta, ba mamaki. Jira kawai take, kamar wadda aka ce wa ga sauran canjinki nan zuwa. Na sunkuya na ɗauki buta na nufi bayan gida, alhali da alwalata.

Ba wanda ya doke ta a shekarar nan, ba wanda ya zage ta baki da baki. Da an yi haka ma da ya fi sauƙi. Masu ciki a gidan suka daina cin abincinta. In ta miƙa hannu za ta ɗauki jariri, sai uwar ta tuna lokacin wanka ya yi. Da bikin ƙannena ya zo, ita ta kwana uku a bakin murhu ta ciyar da rabin Zango, amma da za a sa wa amare lalle aka ce ta tsaya daga waje, kada hannunta ya taɓa su. Ina tsaye da sabuwar riga ina karɓar baƙi, na ga ta koma madafa tana goge hannu a zani. Kuma duk bayan 'yan kwanaki, in ta ajiye mini abinci, sai ta ɗan tsaya.

"Maigida, ba ka da magana?"

"Wace magana?"

"Shi ke nan. Ci abincinka."

Ni mai surutun da ya taɓa shawo kan sojan kan iyaka da labarin ƙarya har ya ba ni shayi, kalma huɗu, "an gani a nawa", suka gagare ni. Da Madam ta ce akwai tafiya Turai wata uku don in koyi wani sabon aikin ƙwai, na yi tsalle na karɓa. Na ce aiki ne. Gudu ne. Can na zauna cikin ɗaki mai sanyi ina leƙa ƙwai masu haske da masu duhu, kowane mai duhu na kallona. Na dawo da kwat da takalman yara, na tarar da kayanta a ɗaure. Ta jira ne in dawo don kada a ce ta fita bayan idon miji. Ta sake yi mini tambayar nan sau ɗaya, na sake ba ta amsar nan. Da hantsi muka raka ta Res Kos. Al'ada ta ce 'ya'ya na gidan uba ne, shi ya sa aka riƙe ka, ka ƙanƙame zaninta sai da Yaya Abiba ta ɓamɓare yatsunka ɗaya-ɗaya. Amma a gidan da ake iya kwana uku ana rigima kan kaza, ba mutum ɗaya da ya ce a bar Rahina. Ni ma ban ce ba.

Shekaru suka wuce, Malam ya rasu, ƙannena suka hayayyafa. Sai saƙo ya zo daga arewa cewa Memuna na kwance a asibiti, jiki ya yi nisa. Na ciro takardar daga ƙasan akwati na hau mota. Da azahar na isa. Ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi murmushi. Wata budurwa na yi mata fifita, ita ce Rahina, uwarku ta sa ta a makarantar kurame da kuɗin wake. Na zauna na fara warware takardar, ina in'ina.

"Maigida, ka yi ƙiba. Wa ke dafa maka?"

"Memuna, akwai abin da ban faɗa ba. Jinin nan..."

"Ajiye takardanka. Na sani."

"Kin sani?"

"Madam ya faɗa mini da Tonanci, ranan da na kai abinci, kafin kai ka dawo gida. Ya ɗebi wake huɗu a kwanona, biyu naka, biyu nawa. Ya ce yaro irin wannan, sai uwa ya ba da, uba ya ba da. Ba na karatu, amma na iya ƙirga wake."

"To me ya hana ki faɗa musu?"

"Ni? Mai sai da abinci a tasha, in tsaya a gidan malamai in ce jininku ne? Wa zai ji? Maganan bakinka ne, Awudu. Shekara guda na ba ka. Ba don Yaya na tafi ba. Yaya bai sani ba. Kai ka sani."

Wannan ne karo na farko da ta kira sunana tun da muka yi aure. Na ce ta yafe mini. Ta ce yafiya mai sauƙi ce, ta yafe tun tuni don kada ta je gaban Allah da kaya, amma sunanta yana nan a Zango inda na bar shi. Ta juya ta yi wa Rahina alama da hannu, yarinyar ta kawo mini ruwa. Kwana biyar bayan haka aka binne uwarku. Za ka zaci na dawo na tara gida na faɗa. Ban faɗa ba. Shiru in ya daɗe a baki saiwa yake yi. Na ce ai mai ita ta tafi, tonon me zai amfana?

Sai watan jiya. Ka san jikan Yaya Abiba, ɗan ɗanta Sani, ya shekara bai waiwayi kira ba, asibiti kuma sun ce kunne ne. Na shigo gidan da rana na tarar an shimfiɗa tabarma, an zaunar da yaron, an mirgino turmin nan, shi dai, har da tsagar da ke gefensa. Yaya ta tsufa, da kyar take ɗaga taɓarya, tana cewa asibiti ba su san komai ba, in ma akwai abu to a binciki dangin uwar. Uwar yaron, Safura, yarinya ce ƙarama, tana tsaye jikin bango ta harɗe hannu. Ta dubi mijinta. Na san wannan kallon. Na taka na riƙe taɓaryar a sama.

"Yaya, ajiye. Zai juyo, don ƙasa za ta girgiza. Memuna ta gaya miki."

"Kai kuma me ya kawo Memuna nan?"

"Ranar da kika tambaye ni, rabi na amsa. An gani a jininta, an gani a nawa. Namu ne, Yaya. Na Malam ne, na Baba Shiru ne. In ba ta hannunki ya bi ya kai ga Sani ba, to ta hannun ubansa, amma ta wurin Sani ya bi tabbas, kamar yadda ya bi ta wurina."

Daga zaure ana jin karatun yara. Na zaci za ta ce na tona asirin Malam a kabarinsa. Da ta faɗi haka da na ji daɗi. Sai ta saki taɓarya ta zauna a bakin turmin.

"Tun ranar ka sani?"

"Tun ranar."

"Ka tsaya kana kallo na hana ta taɓa lalle. Ka tsaya kana kallo na ɓamɓare yaro daga zaninta. Awudu, ka bar ni na ɗauki alhakin baiwar Allah, yanzu ina zan same ta in roƙe ta?"

Ba ta ƙara amsa gaisuwata ba har yau, kuma ban ga laifinta ba. Safura dai tana ɗakinta, ba wanda ya ƙara ambaton danginta, Sani ya fara kai yaron wurin masu koyar da maganar hannu. Wannan kaɗai na samu, kuma ya zo wa uwarku a makare.

Kai ma, kafin ka kai goro ko'ina, je a duba jininka, ku je tare da yarinyar, ku ji amsa a ɗaki ɗaya da kunnuwa huɗu. Ba abin kunya ba ne. Dubi ƙanwarka, wadda ta dawo garin nan bayan rasuwar uwarku, shagon ɗinkinta a Asawase ya fi ofishina ciniki, kuma ta fi duk gidan malamai iya tsokana. Ka san sunan da ta raɗa mini da hannu: ta kumbura kumatu ta taɓa maƙogwaro. Kwaɗo. Shekara nawa tana kawo mini tuwo ranar Juma'a tana dariyar maganar hannuna, wadda ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba, alhali ita ma an gaya mata uwarta ce ta jawo mata.

Kai ka koyi maganarta sosai, ni ban koya ba, wataƙila don ina tsoron ranar da zan iya. Juma'ar nan in ta zo, zan zauna a gabanta in ɗora hannuna a gwiwa, kai kuma ka juya mata wannan babin da naka hannun, kada ka rage masa ɗaci, kada ka ƙara masa gishiri irin nawa. Ko me fuskarta ta yi, zan kalla. In ka iso wurin da Yaya ta tambaye ni a tsakar gida, ka yi a hankali, ka nuna mata ni da yatsa. Kuma Mubarak, don girman Allah, kada ka tsaya inda na tsaya.